Malamin da ya yi rawa: amsoshin wasiƙunku kan wasan kwaikwayo

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan fitowa, duka daga nan Zariya. Masu su ba su san juna ba, amma rijiya ɗaya suke zagayawa. Ta farko za ta fi cin wuri, don ta fama mini wani tsohon miki.

TAMBAYA: Malam, 'yata ta samu gurbin karatu a jami'a a Samaru. Lauya take so ta zama, sai aka ba ta sashen wasan kwaikwayo. Wani aminina da muke sallah sahu ɗaya ya ce in hana ta, wai wasan kwaikwayo ƙarya ce tsagwaronta: mutum ya tsaya gaban jama'a ya ce shi sarki ne, alhali ko mai unguwa bai gada ba. Ni ɗan kasuwa ne, ban yi nisa a boko ba. Shin ƙarya ce? Kuma me ake karantawa har shekara huɗu a abin da yara ke yi kyauta a tashe?
Wani mahaifi, Ƙofar Doka

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa yarinya albarka. Ka gaya wa amininka ya yi gadon magana mai tsufa, don ta haura shekara 2,300. Aflatun, masanin nan na ƙasar Girka da ya rasu a shekara ta 347 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya fara zama ya jera wannan ƙorafi daki-daki a littafinsa Jamhuriya. Da gado ya ba da misali. Ya ce akwai siffar gado ta asali wadda ba ta tsufa, sai gadon da kafinta ya ƙera yana kwaikwayon wannan siffa, sai kuma gadon da mai zane ya zana yana kallon na kafinta. Mai zane bai san yadda ake haɗa ƙafa da gindi ba, daga gefe ɗaya kawai ya hango, amma yaro ko wawa zai iya ɗauka gado ne. Don haka a wurin Aflatun mai zane da mawaƙi da ɗan wasa duk masu sayar da inuwar inuwa ne. Har ya ce idan gwanin kwaikwayo ya zo garin da yake mafarkin kafawa, a girmama shi, a zuba masa turare a ka, a naɗa masa ulu, sannan a raka shi wani garin. Korar kare da ladabi ke nan. Abin da ke ba ni dariya kullum shi ne, shi kansa Aflatun littafin nasa hira ce ya rubuta tsakanin mutane, wannan ya faɗa wancan ya mayar, ya sa wa malaminsa Sukuraɗu magana a baki. Mai korar 'yan wasa da kayan aikinsu ya kore su.

Yanzu mu dawo gida. Ƙarya tana bukatar wanda za a yaudara. Idan na sayar maka da atamfar roba na ce maka Holan ce, na yi maka ƙarya, don na so ka gaskata abin da ba haka yake ba, kuma ka gaskata. Amma a daren goma ga azumi, in yara suka tsaya ƙofar gidanka, ɗaya ya manna gemun auduga yana dogara sanda, wa aka yaudara? Ka san ɗan maƙwabcinka ne. Ya san ka sani. Ma da ka ɗauka tsohon gaske ne da wasan ya lalace, sai dai ka ba shi sadaka ka rufe ƙofa. Daɗin yana cikin ganin abu biyu a jiki ɗaya: ga yaron, ga tsohon. Mu Hausawa mun daɗe da sanin wannan yarjejeniya. Bakano zai tare Bazazzagi a tsakiyar kasuwar Sabon Gari ya faɗa masa maganar da in baƙo ne ya faɗa sai an raba su, amma sai ka ga an tafa. Haka taubasai, haka jika da kaka. Kalmomin na zagi ne, zagin kuwa babu, don kowa ya san a cikin wasa ake. Wanda ya ce ɗan wasa maƙaryaci ne, sai ya yarda kakar da ke kiran jikanta mijinta ita ma ƙarya take shararawa.

Amma ba zan wanke sana'ar tas ba, don na taɓa ƙonewa da ita. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, a unguwarmu cikin birni, ni ke fitowa a malam a wasan tashen nan na "Ka Yi Rawa". A ba ni tsohuwar rigar babanmu, a manna mini gemu da ƙaro, in rataya gafaka, in riƙe allo da buzu. 'Yan amshi su tuhume ni da cewa na yi rawa, ni kuma in dage ban yi ba, alhali ƙafata na can tana aikinta kowa na gani. Dare huɗu muna samun gero da 'yan kwabbai, tsofaffin malamai ma suna murmushi su miƙo. A dare na biyar sai shaiɗan ya raɗa mini in ƙara gishiri. Malaminmu na allo yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Sai na ɗauko duka biyun. Aka kwashe da dariyar da ba mu taɓa samu ba, mata a soro har da riƙe ciki. Na dawo gida ina jin kaina sarki. Kakata ta riga ta ji labari. Ba ta doke ni ba. Cewa ta yi: "Jiya da shekaranjiya malamai ka yi, kowa ya ga nasa. Yau naman mutum ɗaya ka ci, kuma da ƙafa ka ci shi." Washegari malam bai ce mini uffan ba. Ya biya wa kowa karatu, ya zo kaina ya biya mini kamar kullum, ya tashi yana ɗingishinsa. Da bulala ya sa da ta fi mini sauƙi.

Da na girma na tarar da hadisin Nana A'isha (RA) wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya nuna ba ya son kwaikwayon wani mutum ko da za a ba shi kaza da kaza. Wannan da hadisin da ya yi gargaɗi ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya, su ne manyan hujjojin malaman da suka hana wasan kwaikwayo. Waɗanda suka halatta da sharuɗɗa kuma suna kawo buga misali da ya cika Alƙur'ani, da zuwan Mala'ika Jibrilu cikin siffar mutum yana tambayar abin da ya sani don sahabbai su koya. Fatawa ta malaman fiƙihu ce, kuma Zariya ba ta rasa su ba. Abin da ni zan ƙara shi ne, layin da kakata ta ja shi ne layin da Arisɗo ya ja.

Arisɗo ɗalibin Aflatun ne, ya yi kusan shekara ashirin a makarantarsa, sannan ya saɓa masa. Ya ce kwaikwayo halittar ɗan Adam ce tun yana yaro, da shi yake fara koyon komai. Duba 'yarka tana ƙarama tana goya kara tana tuƙa tuwon ƙasa, ko yaro a kan dokin kara. Ya kuma lura da wani abin mamaki: gawa ko mummunar dabba da ba ma son gani ido da ido, in an zana su da kyau sai mu tsaya muna kallo, don muna gane wani abu. Babbar maganarsa ita ce, marubucin tarihi yana faɗin abin da wane ya yi ranar kaza, shi kuwa mai wasa yana nuna abin da mutum irin wane zai iya yi in ya samu kansa a hali kaza. Malamin tashe ba shi da suna. Shi ne duk wanda ke hana abu da baki yana yi da ƙafa, kuma wannan yana cikin 'yan kasuwa, yana cikin malaman boko irina. Ranar da na ba shi ɗingishi na mayar da shi mutum ɗaya, na fita daga wasa na shiga giba.

Littafin da Arisɗo ya yi waɗannan maganganu a ciki ya bi ta ƙasashen Musulmi kafin Turawa su waiwaye shi da kyau. Abu Bishr Matta, wanda ya rasu a 940, ya juya shi zuwa Larabci a Bagadaza, Ibn Rushd na Ƙurɗuba ya yi masa sharhi a ƙarni na 12. Da yake ba su da dandalin wasa irin na Girkawa, sai suka fahimci wasan ban tausayi a matsayin yabo, wasan ban dariya kuma a matsayin zambo. Masana na cewa kuskure ne, kuma haka ne, amma duk wanda ya taɓa jin maroƙi a fada ya ɗaga wani ya kayar da abokin hamayyarsa a baiti ɗaya ya san kuskuren bai yi nisa da gida ba. Kalmar da suka sa wa kwaikwayo ita ce muhakat, tushenta ɗaya da hikaya da muka ara.

To me za ta karanta? An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975 a ƙarƙashin sashen Turanci, Michael Etherton na jagoranta. A wannan tsakanin aka gina dandalin nan da ake kira ƙauyen wasa. Wani Ba'amurke mai zanen gini, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi, maginan gargajiya suka ɗora da ƙasa: zagayayyun ɗakuna masu jinka, fili a tsakiya, sama a buɗe, kamar ka shiga gidan kakanka. Ba a yi shi da dogon dandamali da labule irin na Ingila ba, da gangan, don mai kallo ya zauna kusa da mai wasa kamar a dandali. Daga nan aka fara tura ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo. Su zauna da mutane, su ji abin da ke damunsu, taki ne ko ruwa ko bashi ko fili, su shirya wasa a kai, su nuna a ƙofar mai gari. Da tafiya ta yi tafiya sai aka gane bai isa ɗalibi ya zo ya yi wa manomi wa'azi ba, gara a tsayar da wasan a tsakiya a ce wa manomin ya shigo ya nuna yadda za a yi. Wannan dabara tana da dangantaka da aikin Augusto Boal, mai shirya wasa na ƙasar Burazil. Masu yaƙi da shan inna da masu wayar da kai kan haihuwa har yau da irin wannan suke shiga ƙauye. Za kuma ta karanta rubutun wasa, tarihi, sarrafa murya, haske, sutura, aikin rediyo da talabijin, da nazarin abin da muke da shi tun kafin Bature: tashe, 'yan kama da ke wa'azin tuwo cikin shigar malamai, wasan gauta inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da hakimansa, kalankuwa bayan girbi.

In akwai abin da zan ce ka sa wa ido, Alhaji, wata damuwar Aflatun ce ta daban wadda ta fi ta gado nauyi. Ya ce abin da mutum ya daɗe yana kwaikwaya tun ƙuruciya yakan zame masa hali. Wannan na gani da idona: wanda ya shekara yana fitowa a ɗan tasha har bakinsa ya ƙi komawa daidai. Ka zauna da ita ku yi sharaɗi kan sutura, da lokacin dawowa daga gwaji, da irin rawar da za ta karɓa. In ɗalibai za su nuna wasa, ka je, ka tafi da aminin naka.

TAMBAYA: Baba, ni nake ɗaukar tashen ƙannena da waya ina sawa a TikTok. A wurin mutane har hawaye suke don dariya, amma in na dawo na kalla sai in ga abin ya yi lami, kamar ba shi ba. Wayar ce ba ta da kyau, ko me?
Wani matashi, Tudun Wada

AMSA: Ɗana, bar wayarka, ba ta yi laifi ba. Ka ɗauki yaran ne ka bar rabin wasan a ƙofar gida.

Ka tuna yadda abin ke gudana. Jatau mai magani ya fara jero itatuwansa, sai wata tsohuwa ta leƙo ta ce ko yana da na ciwon baya. Yaron bai shirya wannan ba, dole ya ƙago amsa nan take, kuma kowa na jira ya ga zai kuɓuta ko zai faɗi. In an yi dariya ya ja wurin ya ƙara, in an yi shiru ya tsallake. In mai gida ya ɗaure fuska a gajarta, in kare ya fito a watse. Masu kallo suna tuƙa wasan kamar yadda 'yan amshi ke riƙe waƙa. Kai da kake tsaye a wurin ba ka san ƙarshen ba, su ma yaran ba su sani ba. Bidiyo kuwa ya riga ya gama, ko ka yi dariya ko ka yi hamma ba zai canja ba. Ƙari a kan haka, a wurin idonka ke zaɓa: ka kalli Jatau, ka saci kallon tsohuwar, ka ga ƙaramin da gemunsa ke zamewa. Kyamara ta zaɓa maka abu ɗaya ta yanke sauran.

Masu nazarin wasan da ake yi a gaban jama'a sun yi musu a kan wannan. Peggy Phelan ta rubuta a 1993 cewa irin wannan wasa ba shi da rai sai a lokacin da ake yin sa, da zarar an naɗe shi ya zama wani abu daban. Philip Auslander ya mayar mata a 1999 cewa ai tunanin "kai tsaye" ma na'ura ce ta haife shi. Na daɗe ina ganin Phelan ce da gaskiya, amma ka duba: kakanninmu ba su taɓa cewa sun ga kiɗa kai tsaye ba, kiɗa kawai suka gani, don babu wani irinsa. Sai da faifan garmaho ya zo, Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, sannan muka bukaci kalmar da za ta raba su. Kuma yanzu na ga yaran unguwarmu suna yin tashe suna satar kallon waya, suna gajarta shi ya dace da minti ɗaya. Wato na'urar ta shigo cikin wasan tun kafin a kunna ta.

Wannan fanni bai tsaya kan dandamali ba. Richard Schechner na jami'ar New York, tare da masanin al'adu Victor Turner, sun faɗaɗa shi ya haɗa da biki da ibada da wasan motsa jiki da zaman kotu, duk abin da mutane ke maimaitawa bisa tsari a gaban wasu. Ka ɗauki jafi a hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau. Mahaya su sako dawakai a guje kamar za su kai hari, su ja linzami a gaban sarki, su ɗaga hannu. Siffar ta yaƙi ce kuma ba wanda za a sara, amma mubaya'ar da ke ciki ta gaske ce, hakimin da bai zo ba za a lura. Ka ɗauki wannan a waya ka ga ko ƙura da rawar ƙasa za su shiga.

Shawara: in za ka ɗauka, ja baya. Sa ƙofar gidan da masu kallo a ciki, kar ka yanke wurin da aka katse yaran, kar ka ɗora kiɗa a kan muryoyin mutane. Kuma ka nemi izinin matan gida kafin fuskarsu ta shiga duniya.

TAMBAYA: Malam, muna da ƙungiyar wasa ta matasa. A wasanmu na gaba akwai inda miji zai saki matarsa, kuma waɗanda suka fi iya rawar mata da miji ne na gaske. An ce mana in ya furta, ta saku. Mu kuwa mun ce ai wasa ne.
Wata mai shirya wasa, Gyallesu

AMSA: 'Yata, a nan yarjejeniyar da na yi wa Alhaji bayani a sama ta zo bakin iyakarta. Wani masanin falsafa na Oxford, J. L. Austin, ya gabatar da laccoci a 1955 waɗanda aka buga a 1962, inda ya nuna akwai maganar da ba labari take bayarwa ba, aiki take yi. "Na ba shi", "na karɓa", "na yi alkawari", "na raɗa masa suna". Faɗinta shi ne aikata ta. Shi Austin ya ce in ɗan wasa ya furta irin wannan a dandamali, holoƙo ce, ba ta ɗaure kowa. Amma akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito cewa abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome. Malamai sun yi magana mai tsawo kan bambancin mai wasa da saki da wanda ke hakaito maganar wani, kuma an sha tayar da batun a kan 'yan fim. Ku kai wa malamin da kuka amince da shi, ku faɗa masa ainihin kalmomin da ke cikin rubutun.

Ni ta fuskar sana'a zan ce ba ku bukatar kalmar ko kaɗan. A wani wasan makaranta da na taɓa shiryawa, mun bar mijin yana zaune a kan tabarma ya juya baya. Ya yagi takarda daga littafin ɗansa na makaranta, ya yi rubutu, ya ninke ta huɗu, ya ajiye a kan murfin kwanon tuwon da ta kawo masa. Ta ɗauka ba ta buɗe ba. Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin kaya a ka, ta tsaya ta gyara wa ƙaramin yaron hularsa. Wata mata a sahun gaba ta ce da ƙarfi, "Allah ya isa!" Da yake naku ma'auratan gaske ne, kuma saki na aukuwa da rubutu, kar ya rubuta komai a takardar, ya motsa alƙalami kawai. Ko kuma ku ba wani rawar mijin, shi mai gidan ku ba shi rawar alƙali.